Tambayi Malamin Gona: Karkashina ya yi fure, ƙudan zuma sun cika mini bayan ɗaki

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun wannan watan sun haɗu a kan abu guda, alhali masu su ba su san juna ba: ganyayen miyarmu na gida da ke tsirowa a nan Legas, da ƙwarin da ke bin furensu. Na zaɓi huɗu, na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wata uwargida a Agege: "Malam, barka da aiki. Mahaifiyata ta aiko mini da busasshen karkashi daga gida. Na daka, na tankaɗe, na zubar da tsakin a wani tsohon bokitin fenti mai ƙasa a bayan ɗaki. Da ruwa ya sauka sai ga shi ya tsiro. Na yi ta tsinka ina miya, har na tafi biki na bar shi. Na dawo na tarar ya yi fure, kullum da safe ƙudan zuma suna kansa. Maigida ya ce in tuge shi kafin a harbi yara, ni kuwa raina bai so ba. Mece ce shawararka?"

Hajiya, ki gaida mini maigida, ki ce masa ina roƙon arziki a bar bokitin nan. Tsoronsa tsoron uba ne, ba zan raina shi ba, kuma zan zo kansa. Amma bari mu fara da abin da Allah ya tsirar miki.

Karkashi ɗan ƙasa ne, ba wanda ya kawo mana shi daga ƙetare. Tun daga Senegal har Tanzaniya yana fitowa da kansa a jigawa da saura da gefen gona. Ɗan'uwan riɗi ne na kusa, in kin dubi ƙwayar irinsa za ki ga dangantakar, sai dai nasa ya fi duhu. Masana suna kiransa Ceratotheca sesamoides, maƙwabtanki Yarbawa kuma suna ce masa eku. Rayuwarsa damina ɗaya ce. Ya tsiro, ya yi fure, ya zubar da iri, ya bushe, 'ya'yan su kwanta a ƙasa suna jiran ruwan baɗi. Mu mun san shi a tukunya, iyayenmu mata kuma sun wanke kai da yauƙinsa tun kafin sabulun kwalba ya shigo. Furensa ne kaɗan daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka duba, domin mai son ganye tsinke kan take yi don kada ya yi fure ya tsufa. Tafiyarki biki ce ta ba shi dama.

Gobe in kin idar da sallar asuba, gari ya fara wayewa, ki je ki tsuguna ki dube shi. Furen yana fitowa ɗai-ɗai a hammatar ganye, launinsa tsakanin ruwan hoda da shunayya mai haske, dogo mai buɗaɗɗen baki kamar bakin algaita. Leɓensa na ƙasa ya fi tsawo, kuma akwai layuka masu duhu da suka miƙe daga leɓen zuwa cikin maƙogwaro. A kan leɓen nan ƙudan yake sauka, ya bi layukan, ya cusa kai har ya kusan ɓacewa ciki. Abu biyu yake nema. Na ɗaya ruwan zaƙin da ke can ƙasan fure, wanda shi ne ƙarfin tashinsa, shi ne kuma yake zama zuma. Na biyu garin fure, irin bununin da kika sani a kan gero, wanda da shi ake ciyar da 'ya'yan da ke cikin saƙa. In ya fito za ki ga bayansa ya yi fari-fari da garin, ya kuma kai shi fure na gaba. Wannan ita ce barbarar fure.

Shi karkashi bai dogara ga ƙudan zuma sosai ba, yana iya barbarar kansa ya yi iri ko ba baƙo. Ƙudan ne ya fi bukatarsa. Kowane fure ba ya daɗewa, amma reshen yana ta tsawo yana buɗe sababbi, don haka tushe ɗaya yakan yi makonni yana ba da abinci kowace safiya.

To, ki dubi inda muke. Agegen nan da kike zaune, a farkon ƙarni na 20 gonakin goro da koko ne, goron ma yana cikin abin da ya jawo kakanninmu suka zauna. Yau ki tsaya a ƙofar gida ki duba, ko'ina siminti da kwano da kwalta, tsakar gida an malale ta, gaban shago an shimfiɗa bulo. Ƙudan zuman amya yana da ƙarfin fiffike, yakan yi kilomita 2 ko 3 neman abinci. Amma ba shi kaɗai ba ne. A duniya akwai ire-iren ƙudan zuma fiye da 20,000, mafi yawansu ba sa yin zuma, ba sa zama cikin taro. Uwa ɗaya ce take haƙa ɗan rami a ƙasa ko a busasshen kara ta ajiye wa 'ya'yanta garin fure. Akwai galla, 'yar ƙarama wadda ba ta harbi. Akwai babban baƙin nan mai ƙugi da ke huda katakon rufi. Ƙananan cikinsu 'yan ɗaruruwan mita kawai suke iya tafiya. In babu fure a unguwa, babu su a unguwar. Shi ya sa ban ɗauki bokitinki ƙaramin abu ba.

Yanzu maganar maigida. Ƙudan da ya fito kiwo ba faɗa ya fito ba. Harbi a wurin ƙudan amya asarar rai ne, domin ƙarinsa yana maƙalewa a fatar mutum, ya fizge masa ciki ya mutu. Ba ya yin haka sai an matse shi ko an taka shi. Inda haɗari yake shi ne kusa da gidansu, domin namu na Afirka ta Yamma suna da zafin kare saƙarsu. In kin ga sun tare a silin ko kogon bishiya a cikin gida, wannan wata magana ce, a nemo mai kiwon zuma ya kwashe su, kada yara su jefe su, kada kuma a sa musu wuta. Bokitin fure kuwa ba ya sa su tare. Ki ɗauke shi daga bakin ƙofa da wurin wasan yara, ki ɗora shi a kan dakali ko katanga inda rana ke samunsa, ki nuna wa yaran su riƙa kallo da ido ban da hannu. In tsautsayi ya sa an harbi wani, a kankare ƙarin nan take da farce, a wanke, a ɗora ƙanƙara. Amma in fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya fara wuya, asibiti za a nufa ba jira. Lambar gaggawa a Legas 112 ce ko 767.

Ki kuma tuna wa maigida, cikin ladabi, cewa halittar nan sura guda aka sa wa sunanta a Alƙur'ani, Suratun Nahli, kuma Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya hana kashe wasu halittu huɗu, cikinsu har da tururuwa da ƙudan zuma da alhudahuda. Miyarki ma ba za ta tsaya ba. In tushe uku ne, ki ci gaba da tsinkar biyu, ki bar ɗaya ya yi furensa.

Tambaya daga wani mai gadi a Lekki: "Baba, gasaya ta fito jikin katangar gidan da nake aiki, na gane ta domin a ƙauyenmu muna kwaɗonta. Da magariba wani ƙwaro babba yakan zo ya tsaya cak a iska a gaban furen da dogon baki, har na ɗauka tsuntsu ne. Matar gidan ta ce ciyawa ce, a yi mata feshi, ai ga furanni nan an saya da kuɗi. Mene ne wannan ƙwaro, kuma yaya zan yi?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka lura. Mutane da yawa sun tsufa suna cin gasaya ba su taɓa ganin abin da ka gani ba. Wannan malam-buɗe-littafin dare ne, irin mai kaurin jiki da saurin fiffike. Dogon bakin nan naɗe yake a ƙarƙashin kansa, sai ya zo gaban fure ya warware shi ya zuƙi ruwan zaƙi ba tare da ya sauka ba. Ba ya cizo, ba ya harbi.

Gasaya ma damina ɗaya take yi, kuma tsohuwar 'yar Afirka ce. Tana son wurin da taki ya taru, shi ya sa a gida kake ganinta a bakin garke da bayan juji. Furenta fari ne, yana buɗewa wajen yamma, da wasu dogayen zarurruka da suka zarce furen suka miƙo waje, garin yana a kan bakinsu. Farin launi ya fi fitowa cikin duhu, zarurrukan kuma suna gogar jikin baƙon nan yayin da yake shawagi yana sha. Da safe ƙudan zuma da ƙananan danginsa su zo su kwashi abin da ya rage. Tsiro ɗaya ke nan yana ciyar da na dare da na rana.

Ga abin da za ka gaya wa uwar ɗakinka, domin na san da wuya a rasa gwanda a irin gidajen nan. Gwanda da yawa namiji daban ne, mace daban, sai an ɗauko gari daga wannan an kai wa waccan. Masu bincike a Kenya sun nuna cewa irin ƙwaron nan na dare yana cikin manyan masu yi wa gwanda wannan aiki. Wanda ya kore shi, gwandarsa ya rage wa 'ya'ya.

Furannin da aka saya ba na ƙin su, suna da kyau. Amma iksora daga Indiya ta fito, bogenbila mai hawa katanga daga Kudancin Amurka. Bututun furen iksora dogo ne siriri, malam-buɗe-littafi yana kaiwa ga zaƙinsa, ƙananan ƙudan zuma ba sa kaiwa. Wasu furannin ado kuma an yi ta gyara irinsu har suka cika da ganyen fure, garin ya ragu ko ya ɓace. Koriyar ciyawar da ake aske wa kai kowane mako ba ta da abin da za ta ba kowa. Gida yana iya cika da launi ƙudan zuma ya kwana da yunwa a cikinsa.

Kai ma'aikaci ne, gida ba naka ba, kada ka yi gardamar da za ta taɓa abincinka. Ka nemi alfarma. Ka ce za ka cire sauran ciyawar da hannu, a bar maka lungu ɗaya, ka jera masa duwatsu ya fito tsaf. Sau da yawa abin da masu gida ke ƙi shi ne wuri ya yi kama da an yi sakaci da shi. In an ƙi, ka tono ƙananan tun suna 'yan tsirrai ka mayar tukunya a bayan ɗakin gadi. Maganin ciyawa yana kashe abincin, maganin ƙwari irin su fiya-fiya yana kashe masu cin, ba ya tambayar wanne ne mai amfani. Abin ya kai Tarayyar Turai a 2018 ta hana amfani da wasu magungunan ƙwari guda uku a fili saboda illarsu ga ƙudan zuma. Sai gargaɗi ɗaya: gasaya tana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da bitamin A da C, amma wadda ta fito a bakin kwata, ko inda aka taɓa feshi, a bar wa ƙwari furenta, kada a kai ta baki.

Tambaya daga wani ɗan kasuwar kayan marmari a Ketu: "Malam, da girmamawa. Mu da muke fama da kuɗin mota da haraji da kayan da ke ruɓewa a hanya, ina ruwanmu da furen ciyawa? Wannan ba zancen waɗanda suka ƙoshi ba ne?"

Alhaji, na ji daɗin tambayar nan, domin kai abin ya fi shafa. Ka san kankanar nan da take zuwa a karkace, gefe ɗaya ya cika ɗaya ya motse, wadda kake karyar da kuɗinta? Sau da yawa ƙarancin ƙudan zuma ne a gonar da ta fito. Kankana tana da furen namiji daban, na mace daban, a jikin yaɗo ɗaya. Furen macen safiya ɗaya yake buɗewa. A cikin 'yan sa'o'in nan sai ƙuda ya ziyarce shi sau da yawa, ya zuba isasshen gari a kowane ɓangare, kafin ɗa ya cika ya yi siffa. In ba a zo ba ɗan ya yi rawaya ya faɗi, in an zo kaɗan ya fito a karkace. Haka kabewa, haka agushi, haka kokwamba.

Gero da masara iska ce ke musu barbara, dawa da shinkafa kuma galibi suna yi wa kansu. Tuwo zai samu ko babu ƙuda, miya da marmari ne za su tagayyara. Rahoton da kwamitin masana na duniya IPBES ya fitar a 2016 ya ce fiye da kashi 75 cikin 100 na manyan ire-iren amfanin gona na duniya suna cin moriyar barbarar ƙwari da dabbobi, ko da gwargwado. A maƙwabtanmu ma an gwada. Wani bincike a Burkina Faso da aka buga a 2017 ya rufe furanni don kada ƙwari su kai gare su, sai amfanin auduga ya ragu da kashi 37 cikin 100, na riɗi kuma da kashi 59. Riɗin nan da muke fitarwa ƙasashen waje, ɗan'uwan karkashin Hajiya.

Ina ciyawa ta shigo? Kankana makonni kaɗan take fure. Sauran watannin shekara me ƙudan zai ci? Da rani akwai kaɗanya da ɗorawa da mangwaro. Da damina da kaka kuwa waɗannan 'yan tsirrai na gefen gona ne suke riƙe da shi, karkashi da gasaya da yaɗo iri-iri. Yanzu manomi yana bin gona da feshi har iyaka, har bakin hanya, ba ya barin ko tsinke, sannan ya yi mamakin fure ya yi yawa 'ya'ya sun yi kaɗan, ya ƙara taki a banza. Wannan abu yana ci mini rai, domin kuɗin maganin da na takin duk daga aljihun talaka suke fita.

Ku 'yan kasuwa kuna da baki a wurin manoma, wasunku ma ku ne kuke ba su jari. In ka yi waya Jigawa ko Kebbi, ka gaya musu abu biyu. Kada a yi feshin ƙwari da safe lokacin da furen kankana yake buɗe. In ya zama dole, a bari sai yamma lis bayan furen ya rufe. Sannan a bar ɗan zirin ciyawa mai fure a iyakar gona. Ba a kashe ko kwabo wajen yin waɗannan.

Tambaya daga wata ɗaliba a Idi-Araba: "Baba, a bene muke, baranda kawai gare mu. Zan iya shuka su? Na taɓa gwadawa suka ruɓe."

'Yata, za ki iya, ruwa ne ya kashe miki su. Ruwan Legas ya kai kusan ninki biyu na Kano, karkashi kuwa ɗan jigawa ne, ba ya son saiwarsa ta kwana cikin ruwa. Ki huda ƙasan bokiti da yawa, ki sa tsakuwa, ki haɗa yashi kashi biyu da ƙasa mai taki kashi ɗaya, ki ɗora bokitin a kan bulo don ruwa ya tsiyaye. Gasaya ta fi son taki. Busasshen kashin tumaki daga wurin masu raguna ya isa, amma wanda ya daɗe ya huce. Ki yi shuka a Afrilu da farkon ruwa, ko a Satumba, ki kauce wa mamakon Yuni. Irin ƙanana ne, a barbaɗa a rufe da ƙasa kaɗan, in sun fito a rage su, a bar uku ko huɗu a bokiti. Suna son rana sosai, barandar da ba ta samun rabin yini na rana ba za ta ba ki fure ba. In kina da bokiti biyu, ki sa makonni uku tsakanin shukarsu, wannan yana ƙarewa wancan yana farawa.

In ƙananan ƙwari sun kama ganye, ki murtsuke su da hannu ko ki wanke da ruwa. Shawarar feshin yamma da na ba Alhaji ba ta shafi gasaya ba, domin ita da yamma baƙinta suke zuwa. Tsiron da ke fure a baranda ba a fesa masa komai. Da rani ki ajiye ɗan faranti da ruwa da tsakuwa a ciki don ƙuda ya sami wurin tsayawa ya sha, amma ki riƙa zubarwa kina sakewa bayan kwana biyu, kada ki yi wa sauro gida.

Iri kuwa, ki nemi tsakin karkashi a wurin masu sayar da kayan miyar Arewa, ko ki sa mai zuwa daga gida ya riƙo miki kwanson da ya nuna. Daga fure zuwa nunar kwanson karkashi wajen mako shida ne. Ki cire shi da zarar ya fara bushewa, kafin ya tsage ya watsar. Ki shanya a inuwa cikin ambulan ɗin takarda, ban da leda, domin laimar Legas tana sa shi fumfuna. In ya bushe ƙayau sai ki juye a kwalba mai murfi. Sabon irin gasaya ba ya tsirowa da kyau sai ya kwanta wasu watanni, don haka wanda kika tara a Nuwamba ki ajiye shi sai ruwan Afrilu.